Gefen Titin Da Ban Gani Ba

A wancan lokaci ni direban a-kori-kura ne, ina ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan gero tsakanin Safana da Batsari. Idona bai taɓa ciwo ba, ko ja bai taɓa yi ba, kuma in na dubi gaba ina hango akuya tun daga nesa.

Da babura abin ya fara. Sai in ga mai babur ya ɓullo gaban mota kamar daga ƙasa ya tsiro, in yi ta faɗa ina cewa masu acaɓa ba su da hankali. Daga baya na lura sai na juya kaina gaba ɗaya nake ganin madubin gefe, alhali da can kai ido kawai nake yi. In na shiga inuwar bishiya, sai titi ya yi duhu, ya daɗe bai washe ba. Uwargidana ta ce in je a duba ni, don kullum ina tuntuɓe da buta a tsakar gida. Na ce mata gajiya ce.

Wata ranar kasuwa da hantsi, kusa da Karare, na ji mota ta bugi wani abu ta hannun dama, fasinjoji suka ɗauki salati. Da na sauko sai ga wata Bafulatana mai tallar nono kwance, ƙwaryarta a fashe. Duk wanda ke motar ya ga tahowarta, sun zaci ni ma na ganta. Wallahi ni titi fayau na gani. Ta rayu, amma ƙugunta ya karye, har yau ba ta tafiya. Mijinta ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da na je asibiti a Katsina, likita ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba. Na tambaye shi ko aikin tiyata zai dawo mini da ganin, ya ce wanda ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa abin da ya rage kawai yake tsarewa. Tawa ragowar kaɗan ce, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, kuma tana ƙara tsukewa.

'Yan'uwana direbobi, kada ku jira sai kun ji ciwo, wannan cuta ba ta sallama. Ku je a auna idonku tun kuna ganin gefenku. Ni na ajiye makulli. Yanzu in zan tsallaka titi, tsayawa nake a baki ina jiran wanda zai ce mini babu mota.