Kwanukan zogala a ɗakin Inna Dije

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shara da safen nan Maryam ta kira ni tana kuka: mahaifiyarta, Inna Dije mai ɗinki ta Wurno, ta rasu.



Ita ta koya mani ɗinki. Ranar da na ɓata atamfar wata amarya da almakashi, na ɓoye bayan ƙofa. Ko faɗa ba ta yi mani ba. Ta maida yankan wani sabon salon wuya, har amaryar ta riƙa yabo. Bayan ta tafi Inna ta ce, "Fito, ɗiyata. Wanda bai taɓa ɓata yadi ba bai iya ɗinki ba."

Da aure ya kai ni Rabah, ƙafar keken ɗinkinta, mai danne yadi, ta cire ta ba ni, wai tawa tana cin zare.

Kwanakin baya ƙafar Inna ta kumbura. A asibiti a Sakkwato anka ce jini ne ya daskare cikin jijiya, anka ɗora ta bisa maganin tsinka jini. Ta dawo gida ta rame, ta yi fari. Sai mata sunka ce jini ne ya yi mata kaɗan, ganye ne maganinsa. Maƙwabta sunka tashi haiƙan. Kwaɗon zogala da safe, miyar alayyahu da rana, rama da marece. 'Yan'uwanta na Goronyo har buhun ganye sunka aiko.

Ganina da ita na ƙarshe, na iske kwanuka jere gaban gadonta. Na ce, "Inna, duk ke kaɗai?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙirji. "To mi za ni yi? Mutum ya kawo don Allah, in maida mashi? Ai na kusa fara kukan akuya."

Munka yi ta dariya. Wallahi daɗi ma na ji, na ɗauka sauƙi ne ke tafe.

Shekaranjiya numfashi ya gagare ta, anka maida ta asibiti. Maryam ta ce likita ya tambayi abin da take ci. Da ya ji sai ya ce ganye ba guba ba ne, amma yawansa haka farat ɗaya yana rage ƙarfin irin wanga magani. Gudan jinin ya koma huhu.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma zuciyata ta ƙi barin cewa da mun sani. Duk wanda ya aika kwano, ƙauna ce ta sa shi. Babu ko ɗaya cikinmu da ya yi tunanin tambaya.

Don Allah, in an ba naku magani, ku tambayi likita mi za a ci, mi za a rage.

Ya Allah ka gafarta wa Inna Dije, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya zukatan matan da sunka ciyar da ita. Wanda duk ya karanta, ya sa ta cikin addu'arsa, ko da Ƙulhuwallahu ce.