An Cika wa Ustaz Finjali

A duk faɗin Kuwait, daga bakin teku har inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa, babu wanda ya san sirrin zaman baƙunta kamar Ustaz Khalafalla. Shi ya faɗa mana da bakinsa, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa ba, domin yawancin masu sauraronsa ba su daɗe da sauka daga jirgi ba.

Mutumin Atbara ne, ta ƙasar Sudan. Malamin makaranta ne a can, shi ya sa sunan Ustaz ya biyo shi, ko da yake abin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana yi a Kuwait shi ne tsaron sito a kamfanin tayil na wani dattijo, Abu Misha'al. Ya zo da niyyar yin shekara biyu, kamar kowa. Nan ya kawo matarsa Sittana, nan aka haifi 'yarsu Rihab, nan kansa ya yi furfura, kuma a hukumance har yanzu sunansa baƙo. Izinin zamansa yana hannun Abu Misha'al, na matar da na 'yar kuma suna rataye a jikin nasa. In maigida ya ce a sabunta, sun kwana. In ya yi shiru, sai filin jirgi. Gidan da Ustaz ya gina a Omdurman, wanda bai taɓa kwana a ciki ba, yaƙi ya riga ya kwashe masa ƙofofi da tagogi.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ya zauna a wani shagon shayi a unguwar Farwaniya, a kawo masa sababbin zuwa ya yi musu karatu. Kuma kada a ci haƙƙinsa, karatun yana da amfani.

“In lokacin zafi ya zo ka kashe hitar ruwa, ka yi wanka da famfon ruwan zafi, shi ne mai sanyi. Na sanyin daga tankin saman bene yake zuwa, zai saɓule maka fata. Fasfonka ba a ba kowa ajiya. Kada ka sayi abin da ba zai shiga akwati ba. Insha Allah kuwa iri-iri ce: akwai ta e, akwai ta a'a, akwai ta kada in sake ganinka.”

Sai ya ɗaga yatsa, ya bari shagon ya yi tsit.

“Babbar doka, ya zol, ɗan'uwana: ba a tambayar manya kai tsaye. A nan ba a tambaya, karantawa ake yi.”

Ƙarshen karatun, wanda ya fi alfahari da shi, shi ne babin gahawa. Har finjali yake yawo da shi a aljihun jallabiya saboda misali.

“In aka zubo maka kaɗan a gindin finjali, ana son zamanka, za a yi ta ƙara maka. In ka ƙoshi, ka kaɗa finjalin, haka. Amma in aka cika maka shi har baki, to nemi takalmanka. An ce maka sha ka tafi, kuma an faɗa cikin ladabi.”

Wannan babin ba kowa yake yi wa ba. Na injiniyoyi ne da akantoci da masu haɗa magani, irin waɗanda wata rana za a iya gayyata zauren manya. Wata Juma'a aka kawo masa wani mutumin Kerala ta ƙasar Indiya mai suna Moidu, dattijo mai gashin baki, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana sayar da shayi a bakin tashar garinsu. An ce ya samu aiki a gidan wani attajiri. Ustaz bai tambayi wane gida ba, yana sauri, akwai wani likitan haƙori ɗan Masar da ke jiransa.

“Aikin gida? Aboki, naka mai sauƙi ne. Hannun dama, ido a ƙasa, kuma kada ka yi rowa. Mutanen nan sun tsani hannu mai rowa. Na gaba!”

Moidu ya dafa ƙirji ya yi godiya ya tafi.

A wannan shekarar ne Ustaz ya haye sittin, izininsa kuma ya kusa ƙarewa. Ya leƙa ofishin kamfani, ma'aikacin da ke kula da harkar ya ce masa insha Allah ba tare da ya ɗago kai ba. Ustaz ya koma gida da ita yana juyawa, ya kasa gane wace iri ce.

Sittana tana yanka kuɓewa ta ce, “Baban Rihab, bakinka ciwo yake yi?”

“Me ya faru?”

“Ka je ka tambayi Abu Misha'al. Za ka sabunta ko ba za ka sabunta ba? Magana ɗaya. Kai ka ɗauki gawar babansa, kai ka kai 'ya'yansa makaranta da direba ya gudu.”

“Ke dai ba ki san ƙasar nan ba.”

“Ina zan santa? Jiya na sauka. Wannan ƙatuwar da ke ɗaki a jirgi na haife ta.”

Rihab ta ɗago murya daga ciki ta ce ita dai a daina sa ta a ciki, gobe tana da jarrabawa.

Ranar Talata Abu Misha'al yake buɗe diwaniyarsa, zauren da yake karɓar baƙi bayan magariba. Ustaz ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya riga kowa zuwa. Ba tambaya zai yi ba, Allah ya kiyaye. Zai zauna ne ya karanta. Dattijon ya tarbe shi da fara'a, ya tambayi lafiyar gida, ya yi ƙorafin likitan da ya hana shi gahawa da duk wani abu mai daɗi a duniya. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya juya gefe. Mai zuba gahawa ya matso da buta a hagu, finjali a dama. Ustaz bai kalli fuskarsa ba. Mutumin da ya san ƙasa ba fuskar mai zubawa yake kallo ba, finjali yake kallo.

Cike yake har baki. Har yana rawa.

Ustaz ya karɓa. Gahawar ta ƙona masa yatsa, bai nuna ba. Ya shanye, ya kaɗa finjalin kamar yadda ya koya wa rabin injiniyoyin Farwaniya, ya miƙe.

Abu Misha'al ya rufe bakin waya da hannu. “Abu Rihab, ina zuwa? Yanzu ka zo.”

“Allah ya ja kwananka, na gode. Na fahimta.”

“To, madalla,” in ji dattijon, ya koma kan wayarsa.

A hanya abin da ya fi ci wa Ustaz rai ba korar ba ce, gwanintar ce. Har da “yanzu ka zo”! Shekara talatin da ɗoriya yana ƙirga musu tayil cikin zafin da ke narka takalmi, a sallame shi da ruwan ɗaci, ko kalma ba a ɓata a kansa ba. Amma a ƙasan fushin akwai wani ɗan daɗi: da wani ne, da bai gane ba, da ya zauna yana washe baki har a faɗa masa a gaban yara.

Sittana ta saurare shi har ƙarshe.

“Ya ce maka ka tafi?”

“Finjali ya faɗa.”

“Finjali! To finjalin ya faɗa maka inda za mu? Ko ya ce a wace jami'a yarinyar nan za ta ƙarasa? Koma ka tambayi mai finjalin.”

“In je in roƙa bayan an sallame ni? Ni Khalafalla?”

“Kai Khalafalla, mai tsaron tayil. Ustaz na finjali!”

Da safe ya shiga ofis da kansa a sama, ya ce kada a wahala, ba ya buƙatar sabuntawa, ya gaji, zai huta. Gara ya faɗa kafin a faɗa masa. Labari ya kai ga Abu Misha'al. Ran dattijon ya sosu. Mutumin da ya ɗauka kamar ɗan gida ya sha finjali ɗaya ya fice, washegari kuma ya aiko da sallama ta bakin ma'aikaci. Amma shi ma ɗan ƙasa ne, ya san ba a tambayar dattijo dalili. Ya ce a yi wa Abu Rihab duk abin da yake so, a yi masa da sauri, kada ya ga kamar ana riƙe shi.

Aka yi da sauri kuwa. Abin da a kan yi wata da watanni ana zirga-zirga a kansa, nan da nan ya kammala. Aka soke izini, nasa da na masu rataye a jikinsa. Aka kawo wani ɗan Siriya sito, Ustaz da kansa ya nuna masa inda makullai suke. Kaya suka shiga akwati ba gardama, tun da dama ba a taɓa sayen abin da ba zai shiga ba. Wani ƙanin Sittana a Alƙahira ya ce zai ba su ɗaki ɗaya kafin a ga abin da Allah zai yi. Rihab ta daina magana da babanta sai gaisuwa.

Ana gab da tafiya Abu Misha'al ya shirya walimar bankwana a diwaniya. An kawo rago a kwance bisa shinkafa. An ba Ustaz agogo mai tsada, shi da ba shi da sauran inda zai makara. Aka ci, aka wanke hannu, aka turara, sai gahawa ta fito.

Wannan karon, da yake ba shi da abin karantawa, Ustaz ya kalli zauren. Mai zubawa ya fara daga dama. Ya cika wa limamin unguwa har baki. Ya cika wa wani tsohon hafsa har baki. Ya cika wa surukin maigida har yana zuba a yatsa. Kowanne ya dubi finjalinsa, ya dubi maigida a sace, ya shanye, ya kaɗa, ya fara laluben takalmi.

Abu Misha'al ya sunkuyo wajen Ustaz. “Ka gani ko, Abu Rihab? Zamani ya lalace. Kwanan nan ba mai zama. Mutum ya sha ɗaya ya tashi kamar ana korarsa. Har kai, da na ce mu tsufa tare.”

Sai a lokacin Ustaz ya ɗaga ido ya dubi fuskar mai butar. Gashin baki, murmushi har kunne.

Ya same shi a bakin ƙofar kicin.

“Aboki, wa ya koya maka zuba gahawa?”

“Kai, Ustaz!” in ji Moidu, ya dafa ƙirji. “Hannun dama, ido ƙasa, babu rowa. A garinmu mai shayin da bai cika kofi ba ɓarawo ne. Kai kuma ranar nan na gane ka, na ce malamina ne, na cika maka sosai sosai.”

Ustaz ya tsaya riƙe da kwalin agogo. Daga nan zuwa inda Abu Misha'al yake zaune ba nisa. Zai iya komawa ya ce, Allah ya ja kwananka, dama da za ka sabunta? Amma an riga an soke, an ba wani sito, kuma tambaya ce kai tsaye. Ya karɓi butar daga hannun Moidu, ya nuna masa inda ake tsayawa, ya nuna masa yadda ake kaɗawa. Moidu ya gane tun a karon farko.

A filin jirgi ne ya faɗa wa Sittana. Ba ta yi ihu ba. Ta buɗe jakar hannunsa, ta ciro finjalin nan na misali, ta cika shi har baki da ruwan gorar da za a ƙwace musu a ƙofa, ta shanye tana kallonsa.

Kurɓa uku ne.