Ranar da Na Ƙona Ƙafafun Karen Maƙwabciyata

Mahaifina mafarauci ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Filato, kuma ban taɓa sanin gidanmu babu karnuka ba. Shi ya sa da muka tare a Largo, wani gari a ƙasar Turawa, na ga yadda maƙwabciyarmu ke lallaɓa karenta kamar jinjiri, sai na riƙa yi mata dariya a ciki. Dattijuwa ce baƙar fata 'yar ƙasar, ta yi ritaya daga koyarwa, tana zaune ita kaɗai a gidan da ya haɗa bango da namu. Mama nake ce mata.

Karen baƙi ne mai farin wuya, irin waɗanda ake kiwon tumaki da su, kuma gasa take kai shi. Na taɓa raka ta sau ɗaya na gani. Fili ne aka jera sanduna, kare ya tsallake su, ya kutsa cikin wani dogon bututu na tamfol, ya fito ya ratsa tsakanin turaku yana kwana-kwana, ya hau katako mai lilo ya sauko. Mai shi na gefe yana nuna masa hanya da hannu, alƙali na duba agogo. Na yi tafi kamar kowa, amma a raina cewa nake, kare da bai taɓa kamo ko gafiya ba, mene ne abin yabo?

Wata shekara, farkon zafi, aka yi wa Mama aiki a gwiwa. Ni kuma motar 'yan makaranta nake tuƙawa, an yi dogon hutu, ina gida. Ta kira ni ta roƙe ni in riƙa fitar mata da karen kullum don kada jikinsa ya mutu, saboda akwai gasar da take so ya shiga a ƙarshen Agusta. Ta miƙo mini takarda da ta cika da rubutun hannunta.

Na ce, "Mama, tun ina rarrafe nake cikin karnuka. Kada ki damu."

Ta ce, "Na yarda. Amma dai ka karanta."

Na ɗan leƙa saman takardar, na ninke na sa a aljihu.

Makon farko na yi abin kirki, don na san tana kallo ta taga. Da sassafe muke fita, mu zaga kan ciyawa mu dawo. Amma zuciyata na ta raya mini cewa an sangarta karen nan. Na ƙudurta sai na mayar mata da shi da ƙarfin da ba ta taɓa gani ba, ta san ɗan mafarauci ta ba amana.

Wata Asabar a Yuli muna da taron maza a coci, ban dawo ba sai da rana ta take. Zafin garin nan mai ɗanshi ne, mutum na tsaye gumi na bin bayansa. Na ɗauko kekena, na riƙe igiyar karen a hannu ɗaya, muka hau hanyar kwalta da ta bi bayan unguwarmu. Na taka da ƙarfi, shi kuma ya miƙe yana gudu a gefena, kunnuwa a kwance. Sai na ji daɗi. Sau biyu ya ja igiya zuwa wajen ciyawa, sau biyu na fizgo shi, har ina ce masa da Hausa, "Kai, rago!"

Na ukun bai ja ba, zubewa ya yi. Harshe a waje, yana haki kamar ƙirjinsa zai tsage, idanunsa sun yi wani iri. Na waiwaya sai na ga ɗigon jini a kwalta, jere, har inda idona ya kai. Na ɗaga ƙafarsa. Fatar tafin ta saluɓe kamar ɓawon dafaffen dankali. Na yar da keken nan, na sungume shi na kama hanyar gida da gudu.

Matata nas ce, dawowarta ke nan daga aikin safe, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta kwantar da shi a tayil ɗin kicin, ta kunna fanka, tana zuba masa ruwan famfo a ciki da wuya. Sai da numfashinsa ya ɗan lafa ta ɗago.

"Baban yara, me ya same shi?"

Na ce, "Kwalba ya taka."

Ta duba ƙafa ta farko, ta biyu, har ta huɗu. "Kwalba ɗaya ce ta yanke ƙafa huɗu?"

Na kawar da kai. Kuma abin da ya fi ci mini rai har yau, na ƙetara gidan Mama na maimaita mata wannan maganar, ina kallon idonta. Ta ce wayyo, ta ce kada in zargi kaina, mutane ne ba su da hankali suna yar da kwalabe a hanya. Ta nace sai ta bi mu wurin likitan dabbobi, da ƙarfen dogarawarta, tana cije leɓe a kowane taki.

Likitar ta ɗauki lokaci tana duba shi. Ta auna zafin jikinsa, ta sa masa ƙarin ruwa, ta wanke tafukan. Sannan ta tambaya, ba tare da ta kalli kowa ba, "Da ƙarfe nawa ya yi gudu, kuma a kan me?"

Matata ta sunkuyar da kai. Na ji muryata tana fita kamar ta wani, na faɗi komai: keken, kwaltar, tsakar ranar, da jan da ya yi zuwa ciyawa. Likitar ta ce ƙuna ce, kuma zafi ya kusa yi masa illa a ciki, ruwan da aka zuba masa da wuri ne ya taimaka.

Sai da muka fito wajen ajiye motoci Mama ta tsaya. Ta ce, "Ɗana, sa bayan hannunka a ƙasa."

Na durƙusa na ɗora hannu a kwalta. Ban kai ga ƙirga biyar ba na janye.

Ta ce, "Shi ba zai taɓa ce maka a'a ba. In ka ce gudu, zai yi gudu har ya mutu. Dalilin takardar ke nan." Ta gyara riƙon ƙarfenta. "Kuskure kowa na yi. Kwalbar ce ta ba ni ciwo."

Da a ce zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Da muka koma gida na lalubo takardar a aljihun wandon da na rataye. Layi na biyu ne: kada a fita bayan rana ta ɗaga, kuma a taɓa ƙasa da hannu tukuna. Ƙasa da shi ta rubuta a fara da tafiya a hankali kafin gudu, a tafi da ruwa, kada a ba shi abinci dab da fita, in ya nemi inuwa a bar shi. Ina karantawa sai na tuna mahaifina ma bai taɓa sakin karnukansa da tsakar rana ba. Da asuba suke fita, rana na yin zafi su kwanta gindin ɗorawa, shi kuma ya zauna yana cire musu ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Gudun kawai na riƙe, na mance sauran.

Kusan mako uku ni ke ɗaukar karen a hannu in sauke shi a ciyawa ya yi uzurinsa, in mayar da shi. Matata ke canza masa bandeji. Duk sanda na shigo sai ya kaɗa mini jela, ni kuwa in kasa kallonsa. Gasar Agusta ta wuce ba shi. Da tafukan suka warke, Mama ta tsara komai da kanta daga kujera: tafiya kaɗan, sannan a ƙara, sai sassarfa, tsalle kuwa sai can daga baya, sandar ma a ƙasa-ƙasa. Wannan karon ko waƙafi ban tsallake ba.

A Oktoba ta shigar da shi wata ƙaramar gasa, ta ce in kai su a mota. Ya ture sanda ɗaya, bai zo na komai ba, amma ya gama zagayen da ƙafafunsa lafiya. Ƙawayenta suka taru suna yi mata barka da tashi. Ta kamo hannuna ta ce musu, "Ga maƙwabcina. Shi ya kula mini da shi duk lokacin da nake kwance."

Ɗaya daga cikinsu ta ce lalle Mama ta yi dace, irina ba su da yawa. Na jira in ji ko Mama za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Na ce musu bari in je in ɗebo wa karen ruwa, na ɗauki kwanonsa na nufi famfo, na daɗe a can.