Kwalaben Malam Bunu

Malam Bunu ya fara koyar da darasin noma a wata firamare da ke Dogo Nini a 1962. In ka tambayi waɗanda suka wuce ta hannunsa, ba bulalarsa za su fara tuna maka ba, kwalabensa za su ce. Dogo ne siriri, iyayensa daga Borno suka zo Potiskum, Hausarsa ma da ɗan gishirin Barbarci. Kuma mutum ne da ko da wasa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Da wannan aka san shi, da shi yake taƙama.

Abin ya samo asali tun yana kwalejin horon malamai. A can aka koya masa cewa ganye yana shan iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ya haɗa ta da ruwa, hasken rana ya dafa, sai ga sukari. Sauran ɗalibai suka haddace, suka ci jarrabawa, suka manta. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Yakan ce wa yara koren da ke cikin ganye kamar dillali ne a kasuwar shanu, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya kama wasu. To in dillalin ne ke yin aikin, me zai hana a ciro shi daga ganye a sa shi aiki cikin kwalba?

Haka ya shiga. Matarsa Yakaka ta daka masa zogale ko rama, ya tace koren da ƙyalle, ya zuba a kwalabe biyu. Iskar kuma daga kanwa yake samun ta: ya zuba mata ruwan tsamiya ta yi kumfa, ya bi da kumfar ta kan bututun gwanda zuwa cikin kwalba, ya toshe. Ɗaya ya ɗora a kan katanga inda rana ta fi bugawa, ɗaya ya ɓoye a cikin tsohuwar randa. Bayan kwana biyu ya tsiyaya kowace a murfin kwano, ya ajiye bakin ramin kiyashi. Su ne alƙalansa. Ranar da suka yi wa ta rana dafifi suka bar ta duhu, ranar an yi sukari.

Shekara tara kiyashin nan suna zuwa su ɗan sansana duka biyun su wuce abinsu. Koren ma kafin kwana biyun ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana wari. Mutanen unguwa suka laƙaba masa Malam Kwalba. Bai damu ba, ko kuwa ya nuna bai damu ba.

Farin da aka yi a 1973 shi ya canza shi. Ya ga gero ya bushe a tsaye a gonakin hanyar Nangere, ya ga mutane suna shigowa gari ba ko akuya a hannunsu. Da can nishaɗi yake yi da kwalaben, yanzu sai ya ɗauka kamar laifinsa ne da ba su yi ba, don da sun yi da mutane sun samu abin sa wa a baki. Ya rage cin abinci, ya rage magana, ya rame har wandonsa na yi masa yawa. Yakaka tana kallo, abin na cin ta.

Wata Litinin a bazarar 1974 ya tsiyaya kamar kullum, ya je alwala ya dawo, sai ya tarar murfin rana ya yi baƙi ƙirin da kiyashi, na duhu kuwa ko ɗaya babu. Bawan Allah ya durƙusa a wurin ya yi ta hamdala. Ranar ya cinye tuwo malmala uku. Washegari ya faɗa wa ajinsa, ya faɗa wa hedimasta, hedimasta kuma, da ba ya iya riƙe magana, ya aika wa Mista Cosmas, malamin kimiyya na sakandare, ya zo ranar Alhamis ya gani a gaban malamai duka.

Safiyar Alhamis yana naɗe kwalaben cikin tsumma, Yakaka ta zo ta tsuguna nesa kaɗan.

"Malam, akwai magana."

"Ina jin ki."

"Ni na jefa ƙwayar sukari a ta kan katanga. Guda ɗaya. Na ga ba ka cin abinci ne. Ban san za a kira mutane ba."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kuma ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Zai iya aikawa ya ce zazzaɓi ya kama shi, ko ya je ya ce yau dai ba ta yi ba, babu wanda zai sani. Amma duk garin da gaskiya aka san shi. Ya ajiye kwalaben, ya sa hularsa, ya fita hannu rabbana.

Ya tarar an jera benci a gindin darbejiya, malamai sun zauna, Mista Cosmas har da littafin rubutu. Malam Bunu ya tsaya a gabansu ya ce, "Abin da na faɗa muku ran Talata ba haka ba ne. Sukarin kanti ne ya shiga kwalbar. Ku yafe mini."

Wani malami ya ƙyalƙyale da dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Hedimasta ya haɗe rai ya ce, "Wa ya zuba?"

"A gidana aka zuba, ranka ya daɗe, kuma ni ne mai gidan."

Bai ƙara ko kalma ba, duk da an yi ta tambaya. Mista Cosmas ne kaɗai ya raka shi bakin ƙofa, ya ce masa da Hausarsa ta ɗan koyo, manyan masana ma a ƙasashen waje suna ta neman wannan abu ba su samu ba tukuna. Malam Bunu ya yi godiya, ya shiga aji ya faɗa wa yara abin da ya faɗa wa manya.

Da azahar ya dawo gida. Yakaka na zaune a ƙofar ɗaki, ko wuta ba ta hura ba, tana jiran hukunci. Ya zauna a tabarma ya cire takalmi.

"Ka ce musu ni ce?"

"Ban ce ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Yakaka," in ji shi, "kwana ukun nan ban taɓa jin daɗi irinsu ba tun da aka haife ni. Na gode. Amma don Allah kada ki ƙara."