Kitson da Inna ta ce in ƙarasa

Yaya Rabi, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi barin raina. Ke nake so in gaya wa, tunda kin fi ni daɗewa da Inna kafin Allah ya yi mata rasuwa.

Kin san tun da mantuwa ta kama Baba yake zaune a wurina. Tambaya ɗaya sai ya wuni yana maimaita ta, ni kuwa kin san ni da saurin hawa. Watannin nan ina ta koya wa kaina sassauta murya, wata rana in iya, wata rana in kasa. Har Yaya Sani ya ce in na gaji in faɗa masa, ya zo ya tafi da Baba Kaduna. Ban ba shi amsa ba tukuna.

To, a mafarkin sai na gan ni a tsohon gidanmu na Funtuwa, amma ɗakunan duk babu rufi. Inna na zaune a kujerarta 'yar tsugunno a gindin lemun tsami, tana yi wa wata yarinya kitso. Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta miƙo mini kibiya ta ce, "Zo ki ƙarasa, Hadiza. A hankali, tana da zafin kai."

Na zauna. Da na leƙa fuskar yarinyar sai na ga ashe ni ce ina ƙarama, har da tabon nan na goshina. Ta yi ta mutsu-mutsu tana zille kai, tsagar tana karkacewa. Haushi ya kama ni, na ɗaga hannu zan ranƙwashe ta. Man kaɗanya Inna ta lakato ta shafa mini a tafin hannu. Sai na sauke hannun a kan yarinyar ina shafawa, ta yi lamo a cinyata. Na warware na sake tsagawa, ya sake karkacewa, na sake warwarewa. Ko kaɗan ban ji haushi ba.

Sai kawai ga ni a wata tashar mota da ban sani ba, babu kowa, motocin duk a kashe. Baba na zaune a benci, amma da ƙuruciyarsa, gashinsa baƙi wuluk, ya ɗora jaka a ƙafa. Ya ce, "Yarinya, motar gida ta tashi?"

Na ce, "Ba ta tashi ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Jim kaɗan ya sake tambaya, na sake amsawa. Haka muka yi ta yi. Muryar da ke fita daga bakina mai sanyi ce, ba irin tawa ta kullum ba, ba kuma ta Inna ba. Can ya dube ni da kyau, ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, ya ce, "Ke 'yar wane ce? Kina da kirki."

Na buɗe baki in ce masa tasa ce.

A nan na farka. Ana kiran asuba, matashina ya jiƙe, ina jiyo tarin Baba daga ɗakinsa. Na je na zuba masa ruwan alwala, na tsaya ina kallonsa har ya gama.

Yaya, don Allah ki faɗa mini abin da kika gani a ciki. Muryar nan tawa ce da ban kai gare ta ba tukuna, ko aro aka ba ni na dare ɗaya? Motar gidan da Baba yake jira kuma, ina za ta kai shi?