Allon da aka rubuta wa "Hedikwata"

Ina kan tsani ina kwance allon shagona a Masaka, sai ga Mama Iyabo, wadda ta daɗe tana sayen lemon abarba da na kankana a wurina.

"Oga Salisu, lafiya? Ina za ka kai allo?"

Na ce, "Mama, na rufe. Wuta ba ta zama, firiji ya mutu, kayan da nake ɗaukowa daga Zuba ruɓewa suke kafin in matse su."

Ta ɗaga kai ta karanta allon, ta ce, "To ba wahala, ai nan hedikwata ne. Faɗa mini inda sauran shagon yake, zan je can."

Ba zolaya take yi ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo.

Ranar da na buɗe shagon, ni na sa mai fenti ya ƙara kalmar nan a ƙarƙashin sunana. Na tsara komai: reshe a Karshi, sannan wani a cikin gari. Na ɗauka in ina ganinta kullum ba zan yi kasala ba. Ban yi kasalar ba. Reshe ko ɗaya bai fito ba.

Na ce mata, "Babu wani, Mama. Wannan ne kaɗai."

Yanzu allon yana tsakar gida, matata tana shanya kuɓewa a kansa.

Ku gaya mini gaskiya: burin ne ya yi yawa, ko ni ne ban kai ba?