Rakiyar Yaya Haladu

Saura kaɗan in fasa ba da labarin nan, don rabinsa sirrin wani ne, kuma mai sirrin yana nan da ransa a Wudil. Sai da na nemi izinin Nasiru, ya ce in faɗa, amma kar in ambaci tumbin da ya ajiye. To, ban ambata ba.

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haladu, Allah ya jiƙansa. Dillalin shanu ne a kara. Ni tuƙin babbar mota ya kai ni Legas, Fatakwal, har Agadas, amma ban ga mai irin dabararsa ba.

Nasiru maƙwabcinmu ne. Da masana'antar da yake aiki a Kano ta rufe, sai ya dawo gida ya shige ɗaki. Ya daina zuwa majalisa, ya daina ɗaurin aure, masallaci ma ana sallame sallah zai sulale. Ba komai ya kore shi ba sai tambaya: an samu wani aikin kuwa? Don kulawa ake yi, amma kowa ita zai yi masa. Ana nan sai ga matarsa Uwani a gidanmu tana kuka, wai ya ce ta kwashi yara ta tafi gidansu, shi ba shi da wani amfani gare su.

Mu muka ce a je a yi masa nasiha. Yaya ya ce nasiha kam ya sha ta har ta gundure shi. Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar gidan Nasiru ya yi sallama.

"Nasiru, fito da babur ɗin nan ka kai ni Indabo ta'aziyya. Gwiwata ta ƙi."

Ka san halinmu. Mutum zai ƙi a taimake shi, amma dattijo ya nemi taimakonsa, ba ya iya cewa a'a. Dole ya yi wanka, ya sa kaya, ya fito. Aka kwana biyu, sai dubiya a Ɗankaza. Ranar Juma'a, kasuwa. Har muka fara tsokanar Yaya, wai ya fi liman sanin wanda ya rasu.

A hanya bai taɓa yi masa maganar aiki ba. Shi yana baya, Nasiru na kallon titi, ba mai ganin idon wani. Nasiru ya ce min a nan bakinsa ya buɗe, ya faɗi abin da ko Uwani bai gaya wa ba: barci ya ƙaurace masa, kuma kunyar 'ya'yansa yake ji. Har hawaye ya yi, ya ce iska ce, Yaya ma ya ce lallai yau akwai iska. Uwani dai ba ta tafi ba. Aikin kamfani bai dawo ba, amma a yawon nan ya saba da manoman shinkafa, yau sarinta yake yi.

Yanzu ga shirye-shiryen tallafa wa marasa aikin yi, ana koyar da sana'a, har da masu sauraron damuwar mutum. Hajara, 'yar Yaya, tana cikinsu, karatun abin ta yi. Ta ce min ajin ɗinki da na gyaran waya a cike suke, amma ɗakinta mai tebur da kujera biyu ba mai leƙawa, kar a ce ya taɓu. Ina jin da ubanta na nan, zai sa wa tsarin albarka, sannan ya ce a fitar da teburin nan waje.

Kusan haka ta yi. Ta samu waɗanda suka farfaɗo, irin su Nasiru, ta ce su riƙa neman rakiya wurin waɗanda suka shige ɗaki. Mata ma sukan ja juna zuwa barka. Wanda abinsa ya yi nauyi, a hankali ake kawo shi wurin Hajara, ita ta san likitan da za a gani. Shanun da suka bi ta hannun Yaya ba wanda ya tuna su. Abin da ya bari shi ne wannan rakiyar, kuma bai taɓa sa mata suna ba.

Kwanan baya Hajara ta gayyace ni wurin aikinta, na ba masu koyon sana'a labarin. Da aka watse, wani magidanci da furfura ta fara fito masa ya biyo ni har bakin titi. Ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa, sannan ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Alhaji, to in mutum ya riga ya sayar da babur ɗinsa fa, ana yin rakiyar a ƙasa?"